Ƴan Sassabe: Amsa ga Masu Cewa Sabon Salo Ba Namu Ba Ne

A fitowa ta baya ta wanga ɗan littafi namu, wani ɗan uwa ya rubuta cewa duk wani sabon salo da ake gani yanzu a rubutun matasa cuta ce da muka kwaso a ajin Faransanci. Ya lissafo waƙa marar amsa-amo, da labarin da ba ya farawa daga farko, da wasan kwaikwayo marar sarki da waziri, da kiɗan na'ura, ya ce duk ba al'adarmu ba ce. Har ya ba kwamitin tace rubutu shawarar ya daina karɓar irinsu. Ɗan uwan nan ina ganin girmansa, layin abinci guda muke bi a jami'a. Amma maganar tasa ba ta da tushe, kuma tun da ta fito na ji mutane da dama na gyaɗa mata kai. Shi ya sa zan amsa a rubuce, inda ya faɗe ta.

Mu fara da sunan abin, tunda aikin da ya kawo ni jami'a ke nan. Faransawa na ce wa masu irin wanga aiki avangardi. Kalmar soja ce, ana nufin rundunar da ke shiga gaba kafin sauran mayaƙa su iso. Mu ba mu da bukatar aron kalmar soja. Duk wanda ya tashi a Urafane ko Kanambakashe ko wani ƙauyen Tasawa ya san ɗan sassabe: mutumin da ke shiga saura da gatari da adda tun rani, ƙaya na yagar masa riga, don a samu wurin shuka in ruwa ya sauka. Wani lokaci ya dace da ƙasa mai kyau, wani lokaci ya sha wahalar banza a kan fako. Ni ƴan sassabe zan kira su.

Kuma sassaben kansa ya ishe mu misali. Iyayenmu sun taso an koya musu cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba toho. A farkon shekarun 1980, bayan fari ya ci ƙasa, wasu manoman jihar Maraɗi tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturan kalgo da sabara, suna zaɓen biyu ko uku masu ƙarfi su sare sauran. Dariya aka yi musu. Aka ce ragwaye ne, gonarsu ta yi datti. Yau abin nan shi ake kira sassabin zamani, kuma masu bincike na ƙiyasta cewa ya maido da itace a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Tsohon da ya yi dariya jiya, yau in ka tambaye shi cewa zai yi ai haka muka gada. To ku riƙe wanga misali, don haka al'ada take samuwa: gwajin wani ne da ya yi nasara har aka manta da sunan mai shi.

Yanzu mu dubo abin da ɗan uwana ke cewa ba namu ba ne. A 1916, a wani gidan shaƙatawa na birnin Zurik mai suna Cabaret Voltaire, wani Bajamushe, Hugo Ball, ya hau dandamali ya rera waƙoƙin da babu kalma mai ma'ana a cikinsu, sauti ne zalla. Daga nan tafiyar da ake kira Dada ta samo asali, kuma har yau ana ba mu ita a jarrabawa. To ina tambaya: ƴan matan garinmu da ke zaurance a bakin rijiya, su cusa gaɓa bayan kowace gaɓa, ko su juya kalma riga ta koma gari, wa ya koya musu? Sun tarwatsa kalma sun sake gina ta don kada uwa ta gane zancen, kuma suna bin ƙa'ida tsaf, wadda in ka kuskure ta za a yi maka dariya. A 1969 Georges Perec ya rubuta littafi sukutum ba tare da harafin e ba, aka ce ya yi abin al'ajabi don ya ɗaure kansa da doka mai wuya. Malaman zaurenmu fa? Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku a sama, da karin da amsa-amon da suka dace, har ka kasa gane inda aka yi ɗinkin. Mai ramzi yakan ɓoye shekarar da ya gama waƙa cikin haruffan kalma guda. In wannan ba ɗaure kai da doka don a ga iyakar harshe ba ne, mi ne ne?

Ku dubi ɗan kama, wanda ke zama kamar malami, ya ɗauko muryar karatu da wa'azi, amma duk abin da ke bakinsa tuwo ne da miya da fura. Ku dubi yaran tashe cikin azumi, da gemun auduga da tumbin tsumma, suna kwaikwayon manya a ƙofar gidan manyan. Ku dubi wasan kara na Damagaram, inda talaka ke sa kayan gwamna ko na minista, ya yi tafiyarsa da maganarsa, shi kuwa mai muƙamin na zaune yana kallon kansa. A littattafan da muke karantawa irin wanga abu sunaye gare shi masu tsawo, ana danganta shi da Barlin da Faris. A gida kuwa mun ce wasan yara ne.

Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi. Wajen 1925, a ƙasar Filinge, wata mata mai suna Shibo da mutanenta suka fito da wasu sababbin iskoki da aka kira Hauka, ko Babule. Iskokin nan gwamna ne da kwamanda da kaftin da sojan gadi, wato Nasarun da ke mulkin ƙasar. Wanda abin ya hau sai ya yi tafiyar soja, ya yi ta ba da oda cikin gurɓataccen Faransanci. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka kama su aka ɗaure. Ba kiran kowa nake ga bori ba, kuma na san abin da addini ya ce a kansa. Tarihi nake faɗi. Abin ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. An sha rubuta cewa fim ɗin nan ya shiga kan Jean Genet lokacin da yake rubuta wasansa Les Nègres, kuma Peter Brook ya nuna wa ƴan wasansa shi don su koyi yadda jiki ke magana. Brook ɗin nan da kansa ya ƙetaro Sahara a ƙarshen 1972 da ƴan wasansa, suka bi ta Agadas suka gangara Najeriya, suna shimfiɗa darduma a fili suna wasa ba rubutu, suna neman abin da gidajen wasan Turai suka rasa. Wato manyan ƴan sassaben Turai nan suka zo neman iri. Mu kuma jikokin masu irin muna zaune a aji muna cewa abin na Nasara ne. Haba!

To a ce duk wannan tsohon zance ne. Mu zo zamanin na'ura. Moustapha Alassane an haife shi a 1942, makanike ne kafin ya taɓa kyamara. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila yana nuna wa mutane inuwa a bango. Ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya dawo ya zauna yana zana kwaɗi ɗaya bayan ɗaya har suka yi motsi. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk tarkacen faretin da muka sani. Shekara shida kacal da samun mulkin kai, wani ɗan Nijar ya mai da shugaban ƙasa kwaɗo! A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga waje da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Wato tun kafin a haifi iyayen wasunmu ya riga ya yi fim a kan cutar kwaikwayon da ɗan uwana ke kuka da ita, kuma da kayan aikin Nasara ya yi shi. Ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 babban gidan adana zane na zamani da ke Niyok, MoMA, ya shirya taron nuna finafinansa. A watan Oktoba na 2024 hukuma ta cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Yamai ta sa nasa. Madalla, ya cancanta. Amma ina so kowane mai karanta wanga shafi ya tambayi na kusa da shi ko ya taɓa ganin fim guda na mutumin. Kuma in yau wani yaro ya kawo mana labarin shugaban kwaɗi, kwamitinmu zai buga?

Ga Mamman Sani. A shekarun 1970 ya sayi wata molo ta lantarki ƙirar Italiya, mai madannai, ya zauna shi kaɗai yana juya waƙoƙin gargajiya da nasa na kansa a kanta. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa. Shekara da shekaru kiɗansa na fita tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, iyayenmu sun san sautin sarai, amma ƙalilan ne suka damu da sanin mai shi. Sai a 2013 da wani ƙaramin kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya tono kaset ɗin ya sake buga shi, sannan aka fara gayyatarsa Turai, sannan mu ma muka tuna ashe muna da gwani. Kamfanin nan dai shi ya fitar da Hama, wani matashin Yamai da ke gina kiɗan hamada a kan na'ura, wanda waƙoƙinsa suka daɗe suna yawo a katin waya ba suna.

Ƙetare iyaka ma haka zancen yake. Umaru Dembo ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da ya yi tafiya sararin samaniya, da Hausa. Sa'ad da matasan Kano, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, suna rubuta auren dole da kishi da saki da bakin da ake magana da shi a tsakar gida, wasu masana suka ce wannan adabin kasuwa ne, ba zai yi ƙarko ba. A 2007 har ƙona irin littattafan nan hukuma ta yi a Kano a bainar jama'a. Sai ga shi a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Ingilishi, yau kuma ana rubuta kundin digiri a kansa. Kun ga hanyar guda ce kullum. Mai sabon abu ya fito, mu ce ya ɓata al'ada. In ya mutu, ko wani baƙo ya buga masa hatimi, sai mu ce ai namu ne, gadonmu ne. Wanda ke jiran hatimin waje kafin ya yarda da ɗan gidansu, shi ne ya kamu da cutar Nasara, ko da kullum cikin babbar riga yake.

Kada ƴan ɗaya ɓangaren su yi murna, don su ma ina da magana da su. Akwai abokanmu da suka karanta shafi goma na André Breton, suka dawo suna jera kalmomin da su kansu ba su san abin da suke nufi ba, in ka tambaya su ce kai ne ba ka waye ba. Wanga ba sassabe ba ne, sayen itacen roba ne a kafa a gona. Breton da abokansa faɗa suke da wani abu takamaimai: yaƙin 1914 da ya cinye samarinsu, da adabin da ya yi wa yaƙin kirari. Kai da wa kake faɗa? In ba ka san karin waƙar Hausa ba, mi kake karyawa in ka ce ka karya shi? Ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun ƙi tsarin koyarwar Ingila, amma ba su tsaya ga ƙi ba. Kowa ya koma ya yi nazarin zanen garinsu, Okeke ya koyi zanen uli na matan Ibo, sannan ya haɗa da abin da ya koya a aji. Yazi Dogo da ƴan wasansa sun cika filaye a ƙasar nan da wasan da ba a rubuta kalmominsa ba, ana shirya ƙashin labari kowa ya sa masa nama a kan dandamali, kuma tsohuwa da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana gane kowace habaici. Ga ma'auni nan. Ɗan sassaben kirki ya san kututturen da yake aiki a kai.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ba kowane sabon abu ne mai kyau ba. Gaskiya ne, mafi yawansa ma ba shi da kyau, kamar yadda mafi yawan waƙoƙin da ke bin tsohuwar ƙa'ida ba su da kyau. Amma ba a gane toho mai ƙarfi sai an bar shi ya fito. Kwamitin da ya ce ba zai karanta waƙa ba don ba ta da amsa-amo ya huta da aikin karatu ne kawai. Za a kuma ce mutanenmu na fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke da lokacin wasa da kalmomi? Shibo ta yi nata ƙarƙashin aikin tilas da bulala. Alassane ya zana kwaɗinsa a ƙasar da ba ta da masana'antar fim ko guda. Matsi ne ma ke sa mutum neman sabuwar hanyar faɗin abin da aka hana shi faɗi kai tsaye, kuma duk Bahaushe ya san amfanin habaici.

Abin da ya sa na ɗauki zancen nan da zafi shi ne lokacin da muke ciki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Shekaru suka yi ta wucewa ana ce musu makarantun gwaji, ba a yarda gwajin ya ƙare ba balle a baza shi ko'ina. Yanzu kuma, tun watan Maris na 2025, dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko mi mutum ke gani game da matakin, kuma na san ƴan uwanmu masu wasu harsuna na da tambayoyin da ya kamata a saurara, abu guda tabbas ne: za a bukaci littattafai, da kalmomi sababbi, da masu rubutu. Tsorona shi ne a miƙa aikin ga masu gadi. A samu wasu su zauna a ofis su yanke cewa Hausa guda ce, ta littafin aji, wadda aka gina bisa karin Kano, su ce wanda ya rubuta sunka ko wanga ko tahiya ya yi kuskure, su ce ɗan rap da ya haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a baiti guda ya ɓata harshe. Ƙa'idar rubutu tana da amfani, ni ma ita nake karanta, kuma ba don ita ba da ɗan Mayahi da ɗan Zariya ba su karanta takardar juna cikin sauƙi ba. Amma ƙa'ida ta rubutun takardar hukuma daban, abin da marubuci ke da izinin yi daban. Harshen da ya haɗiye lakwal da mota da asibiti da alƙalami, daga Faransanci da Ingilishi da Larabci, bai mutu ba, ƙiba ma ya yi. Abin da ke kashe harshe shi ne ƴaƴansa su ga ba za su iya faɗin rayuwarsu ta yau da shi ba, su koma wani.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ina so a sa shi cikin ajandar zamanmu na gaba. Na farko, kwamiti ya yi watsi da shawarar hana sabon salo, a auna kowane rubutu da abin da ya ƙunsa. Wanda aka ƙi, a gaya wa mai shi dalili a rubuce, dalilin da ya wuce ba mu saba gani ba. Na biyu, a ware shafi huɗu a kowace fitowa don gwaji: waƙa da karin garinku, labari da zaurance, wasan da za a yi a tashar mota, duk abin da mutum ya ga zai iya karewa in an tambaye shi. Kuɗin hoton shafi huɗu ba zai karya mu ba, mun sha tara fiye da haka don shayi. Na uku, duk wanda zai je gida hutu ya tafi da aiki. Wayar da ke aljihunka na ɗaukar murya. Nemi izinin tsohuwar da ta iya waƙar daɓe ko ta niƙa, da ɗan kaman da ya rage a kasuwar garinku, da matan da ke saƙa tabarmar kaba a Gulbin Kaba, ka tambaye su wane zane suka gada, wane ne suka ƙago da kansu. Rubuta sunan kowa da yardarsa, don kada a sake cewa gargajiya ce ba mai ita. Ni na ɗauki Urafane da ƙauyukan da ke kewaye. Na huɗu, mu nemi a nuna mana finafinan Moustapha Alassane a jami'a, mu rubuta wa cibiyar da ke ɗauke da sunansa, mu sa hannu mu duka.

Shi kuma ɗan uwana, ina gayyatarsa ya amsa a fitowa mai zuwa. Sharaɗi guda na gindaya masa: ya kawo mini salo ɗaya tak na waƙa ko kiɗa ko wasa a ƙasar Hausa wanda ba wani ne ya fara shi wata rana ba, alhali na gabansa ba su san shi ba. In ya samo, ni zan biya kuɗin hoton shafinsa.